Kwaɗon Tsohon Masallaci

Ranar Laraba ce. Bayan sallar asuba na share tsohon masallacin garinmu, na kaɗe tabarmi, na cika randa. Aikina ke nan tun rasuwar mahaifina, kuma makullin yana hannuna. Garinmu tsoho ne, a ƙasar Tsafe yake. Masallacin na ƙasa ne, kaurin bangonsa kamu biyu.

Ƙarfe tara saura muka ji ƙarar baburan 'yan bindiga daga gabas. Sai harbi. Muna da al'ada tun zamanin mahara masu dawaki: wanda ba ya iya gudu a kai shi masallaci, a kulle ta waje, don mai wucewa ya ɗauka babu kowa ciki. Harsashi ba ya huda bangon. Sau biyu muka yi haka a baya, kowa ya fito lafiya.

Na goyo Inna, mahaifiyata, don gwiwoyinta sun daina ɗaukarta. Wasu suka kawo nasu tsofaffin. Aka jawo Baba Ɗanjuma makaho. Na ajiye musu buta. Na tsaya ina dubawa ko an manta wani.

Inna ta ce, "Kulle ka tahi."

Na datse kwaɗo. Na ja shi sau uku don in tabbatar ya kama. Na ruga gonar dawa, na kwanta a kwarin kunya.

Wajen ƙarfe goma wata ƙara ta taso daga sama. Jirgin soja ne, ya biyo baburan. Su kuwa sun riga sun shige tsakiyar gari. Ban taɓa tunanin abin da zai zo ta sama ba. Babu wanda ya taɓa.

Bam na farko ya faɗa ƙofar gari. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashin cikina. Na biyu ya sauka kan marina da rumfunan kasuwa. Kunnuwana suka toshe. Na uku ban ji shi ba, gani na yi. Hasumiyar masallaci ta karkata, ta shige cikin ƙura.

Na miƙe zan koma. Yayana Sale ya cafke wuyan rigata.

"Kada ka koma, suna ciki da bindigogi. Ku yi yamma."

Na ce masa makullin yana aljihuna. Bai sake ni ba. Muka bi cikin dawa a sunkuye, mata da goyo a gaba. Duk tsuntsun da ya gifta sai mu zube. Da la'asar muka shiga Tsafe.

Sai ranar Juma'a da hantsi muka iya komawa. Ƙofar gari ta zama tudun ƙasa. Ramukan marina sun cike, ruwan baba ya rine hanya. Rufin masallaci ya rufta, azara a karye. Amma ƙyauren yana tsaye, kwaɗon bai ko lanƙwashe ba.

Na miƙa wa Sale makullin, shi ya buɗe.

Mutum bakwai ne a ciki ranar. Biyar sun rarrafa ta inda bangon gabas ya tsage. Inna da Baba Ɗanjuma ba su je can ba. Ƙofa suka nufa, ita suka sani. A bayanta muka same su ba rai, hannunsa riƙe da bakin zanenta.