Sunan da Inna Ramatu Ba Ta Karantawa

Ban taɓa mantawa da wata Laraba da na tsaya gaban allo ina jiran Inna Ramatu ta buɗe baki ba. A lokacin ina shekara ta biyu a karatuna na Turanci, ina kuma aikin wucin gadi a wata cibiyar koyar da manya a nan Garwa. Matsayina shi ne mafi ƙanƙanta, abin da muke cewa stagiaire, wato mai koyon aiki. A samana akwai malamai biyu, sai darakta, Madam Ngono, wadda ta zo daga kudu.

Ga yadda tsarin yake, don waɗanda suka shigo bayanmu. Duk ƙarshen wata, kowane ɗalibi yakan tashi ya karanta jimloli goma da ƙarfi, a ba shi maki bisa ashirin. Wanda ya kasa samun goma sau biyu a jere, ana cire shi daga jerin masu shiga jarrabawar takardar shaida. Inna Ramatu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti wajen Touboro. An yi mata alkawarin kwas a Yawunde idan ta kawo wannan takarda, don haka ta ɗauki hutu ta tare gidan ƙanwarta a Garwa. Ta kai shekara hamsin, kuma babu mai tsabtar rubutu kamarta a ajin.

Darasin watan shi ne jimlar da ke farawa da sunan mutum, sai aikatau, sai 'yar kalmar nan da ke nuna wuri ko alƙibla. Littafinmu cike yake da su Peter da Mary. Ni kuwa sai na ga ya fi kyau a ji sunayen gida, na zauna na sauya su duka zuwa Hamadu, Aisatu da Buba. Na yi alfahari da wannan aikin sosai, ko da yake ban faɗa wa kowa ba.

Ranar gwajin Inna Ramatu ta karanta jimla ta farko daidai. A ta biyu ta yi shiru. Na jira, na nuna mata da alli, ta sunkuyar da kai. Haka ta riƙa yi, ta karanta wata, ta tsallake wata. Huɗu kawai ta karanta, maki takwas ke nan. Watan da ya gabata kuma ba ta zo gwaji ba saboda rashin lafiya, an rubuta mata sifili. Ranar Juma'a zan miƙa sakamako, kuma da na miƙa, sunanta ya fita.

Abin bai zauna mini ba. Ni mutum ne mai rubuta komai, kuma na yi alama a gefen kowace jimla da ta tsallake. Da na koma gida na ja layi uku a littafina, ɗaya na suna, ɗaya na aikatau, ɗaya na 'yar kalmar. Da farko na zargi "into", don tana ba mutanenmu wahala. Sai na ga ta karanta "Buba walked into the shop" ba gargada. Na koma kan aikatau, nan ma babu komai. Ta faɗi "Aisatu looked at the river", amma ta ƙi faɗin "Hamadu looked at the cow". Sai a ƙarshe na duba layin farko, wanda na ɗauka ba shi da amfani. Jimloli shidan da ta tsallake duk da Hamadu suka fara.

Na gano inda matsalar take, amma ban gano dalili ba. Na yi tunanin ko wani Hamadu ne ya taɓa ɓata mata rai, ko kuma ya rasu. Tambayarta kuwa ba zan iya ba, domin ni ko gaisuwa da manya nakan yi ta ne ina kallon takalmina.

Washegari kafin a shiga aji na tarar da Goggo Asabe, ɗaya daga cikin ɗalibaina, zaune a bakin ƙofa. Mai sayar da atamfa ce a babbar kasuwa, kakanta daga Kano ya zo, kuma ita ce mai bakin ajin. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na nuna mata littafina ina bayanin layukan.

Ta kalli littafin, ta kalle ni. Ta ce, "Malam, duk wannan zanen kai ka yi shi?"

Na ce ni na yi.

"Oh ni Asabe! Kai a cikin littafi aka haife ka ko a ɗaki? Hamadu ai ɗanta ne na fari. So kake ta tashi gaban mutum ashirin ta rangaɗa sunan ɗan farinta har sau shida?"

Na ce, "To Goggo, me ya hana ku faɗa mini jiya?"

"Mu mun zaci ka sani, tsaurin aiki ne kawai irin na 'yan boko. Har na ce mata ta rufe ido ta faɗa, Turanci ne ba sunan gaske ba. Ta ce gara ta koma Touboro."

Kunya ta rufe ni, domin ni kaina ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Mai-takarda take ce mini. Na san wannan tun kafin in san harafi, amma da na riƙe alli ko sau ɗaya bai faɗo mini ba.

Na tafi ofishin Madam Ngono, na tsaya a ƙofa har sai da ta ɗago kai da kanta. Da Faransanci muka yi magana, na faɗa mata dalilin, na roƙi a sake wa Inna Ramatu gwajin. Ta saurare ni, sannan ta ce doka ita ce takarda ɗaya ga kowa, idan aka sake wa mutum ɗaya gwaji, gobe kowa zai kawo nasa uzurin.

Na ce, "Madam, ba takardar littafi na ba su ba. Ni na sauya sunayen ban sanar da ke ba. Kuskuren nawa ne."

Ta ce, "Ka san wannan zai shiga rahotonka na ƙarshen koyon aiki?"

Na ce na sani. Ta jawo littafina ta daɗe tana duba layukan, ta tambaye ni ko uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta har abada. Na ce akasari haka ne, sai dai ta sa masa wani laƙabi. Ta girgiza kai ta ce ita sunan ɗanta na fari take kira ya fi sau ɗari a rana. Daga nan ta yarda a sake gwajin ranar Juma'a da safe, amma a gabanta.

Da na je sanar da Inna Ramatu, na ba ta haƙuri, na tambaye ta sunan da take so in sa a madadin wancan. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam, mai da Peter ɗinka. Peter ba ɗan kowa ba ne a nan."

Ta karanta goman duka, ta yi tuntuɓe a guda ɗaya, ta sami sha takwas. Maganar sauya sunaye ta shiga rahotona kamar yadda Madam ta ce, layi biyu, har yanzu ina da kwafinsa.

Tun daga lokacin, duk ajin manya da aka ba ni, ranar farko nakan rubuta sunayen da zan yi amfani da su a takarda in zagaya da ita. Ba na tambayar kowa sunan da ba ya kira, tun da amsar ma ba za ta faɗu ba. Cewa nake kowa ya ja layi a kan wanda bai so. Takardar takan dawo da layuka a kan sunayen mazaje, surukai da 'ya'yan fari, wani lokaci sunaye uku kacal ke tsira. Ku da za ku karɓi azuzuwan nan, idan ɗalibi ya yi shiru, ku duba abin da kuka sa shi ya faɗa kafin ku rubuta masa maki.

Da na ba mahaifiyata labarin, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Mai-takarda, da ni ce ma aka sa mini sunanka a allo, da sifili za ka ba ni."