Ragon sadakar Baba

Da aka yi wa mahaifina aiki a wuya, likita ya ce an cire ciwon dajin. Mu kuwa a saninmu, in mutum ya tashi sai sadaka. Muna dawowa gida Majidaɗi muka yanka rago, aka raba nama gida-gida, maƙwabta suka yi ta shigowa barka da arziki. Goggona tun daga Sunkani ta ɗauko ƙwaryar kindirmo.

Bayan wata guda muka koma a duba ɗinki, sai likitan ya miƙo mini takarda. Wai mu tafi wani asibiti mai nisa a riƙa gasa wuyan da na'ura, har mako shida. Na ce, "Likita, ba kai ka ce an cire ba?" Ya ce an cire wanda ido ke gani, gashin da za a yi kuma na wanda ba a gani ne. Na gyaɗa kai. Wallahi ban gane ba.

Muka je, muka dawo. Wuyan Baba ya yi baƙi, bakinsa ya bushe, kindirmon ma ya daina jin ɗanɗanonsa. Maƙwabta sai su tsaya a zaure, sun rasa ko barka za su ce ko sannu.

Wata rana Baba ya riƙo hannuna, murya a dishe, ya ce, "In sun cire, me suka ƙona? In ba su cire ba, ragon na mene ne?"

Ni ne ɗan bokon gidan, ni aka tura in saurari likita. Na sunkuyar da kai ina gyara masa matashi.