Ta Ɓoye Sunana, Ta Bar Muryata A Fili

Lokacin da abin nan ya faru ni tela ce a unguwar Television, da aurena da jaririna ɗan wata huɗu, kuma ni ke ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Ko tari na yi a bayan katanga an san ni ce. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun da na haihu nake kuka ba dalili, yaron ya yi ta tsala ihu ina kallonsa kamar ɗan maƙwabta.

Sai ga wata 'yar layinmu, ɗalibar jami'a mai karanta halayyar ɗan Adam, da fayil a hammata da daɗin baki. Wai bincike take yi kan damuwar da mata ke shiga bayan haihuwa, hira kawai za mu yi ta ɗauka a waya. Ta miƙo takardar amincewa na sa hannu, ta rantse har da dafa ƙirji cewa sunana ba zai fito ba, lamba za a sa mini. Ni kuma sakara, da ma na rasa mai saurarona, na zazzage mata cikina kaf. Har na faɗa mata ranar da na bar yaron a gado na fita bakin titi, ina jin kamar in hau mota kar in dawo.

Ashe malalaciyar ba za ta iya zama ta rubuta hirar da kanta ba. Ta kwashi muryoyinmu ta kai shagon buga takardu a Trikania, aka kunna a sifika ana bugawa, masu jiran fotokofi sun baza kunne. Mai bugawar kuwa a bayana take tsayawa a zumunta. Kafin Lahadi magana ta kai kunnen uwar mijina, zancen ya koma wai na yi niyyar kashe mata jika. Ta zo ta goya yaron ta wuce ƙauye da shi, mijina na tsaye bai hana ta ba.

Da na je na sami yarinyar, ta bushe ido ta ce ai ita ba ta faɗi sunan kowa ba, in duba takardar da na sa wa hannu. Ko haƙuri babu. Allah ya sani na tsane ta, har yau in na gan ta zuciyata tafasa take yi. Ta karɓi digirinta da hawayena, aka yi mata liyafa a layinmu.

Daga baya na gane ciwo ne ya same ni, yana da magani, na kuma warke. Amma 'yan'uwana mata, kafin ku buɗe wa mai bincike baki, ku tambaye shi wa zai saurari muryar, wa zai buga, a ina za a ajiye ta. Ku kuma masu yawo da fayil, cire suna kaɗai ba rufin asiri ba ne. Ɗana ya shiga shekara biyar yanzu, har yau yana can ƙauye wurin kakarsa. Da Kirsimeti na kai masa kayan da na ɗinka da hannuna, ya karɓa ya durƙusa ya ce, "Na gode, Anti."