Ƙibar da Aka Yi wa Baba Barka

Jiya a kasuwar Tanout na gifta rumfar mai sayar da maganin ciyawa, warin nan mai hawa kai ya bugi hancina, sai ga Baba a idona, goye da famfon feshi.

In kai ba ɗan Damargu ba ne, bari in gaya maka: a wajenmu rama ce kaɗai ciwo. Wanda ya yi tumbi ya samu duniya. Baba kuwa siriri ne kamar karan hatsi, har shekarar da ya jingine hauya ya zama mai yi wa mutane feshi a ƙauyukan Gangara. Da ruwa ya sauka, ciyawa ta fara leƙowa, masu gona sun cika mana ƙofar gida. Da hannu yake dama maganin. In bakin famfon ya toshe, ya kafa baki ya hura. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ta bushe a jikinsa, da ita zai zauna cin tuwo.

Damina uku, sai ga ciki ya turo riga, kumatu sun cika. Dattawan gindin dogon yaro, waɗanda ba su da aiki sai taunar goro da auna cikin mutane, suka dinga yi masa barka: "Malam, feshi ya karɓe ka!" Inna ce kaɗai ta ce, "Malam, ni nake tuƙa maka tuwo, na san abin da kake ci. Wannan ƙiba ba ta abinci ba ce." Aka ce surutun mata ne.

Da haki da kasala suka kama shi, ƙanensa ya kai shi likita a Tanout. Lokotoro, mai duba marasa lafiya, ya auna jini, ya ce kitse ya yi masa yawa, har ya lulluɓe hanta. Ya ce maganin da ke shiga ta fata da baki yake zargi, a bar feshi. Dattawa suka yi dariya har da buga cinya. "Ilimin lakwal ke nan, karatun boko! In kitse ciwo ne, a kai ragon layya likita mana." Kowannensu fa gonarsa na jiran feshi. Baba ya ji kunyar a ce ya tsorata, ya koma.

Bai ƙara ganin girbi biyu ba. Ranar zaman makoki, ta bayan zana na ji ɗaya daga cikin dattawan nan yana cewa, "Alhamdu lillahi, bai wulaƙanta ba, da jikinsa ya tafi." Na kusa da shi ya tambayi wa za a bar wa famfon. Tun daga ranar na daina ganin girman furfurarsu.

Yau kowane ƙauye cike yake da samari masu feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, hauya kuwa tana tsatsa a bayan rumbu. Ni dai har gobe, wanda duk ya tare ni ya ce, "Kin yi ƙiba, barka," ba na amsa masa.