Yadda Ciwona Ya Shiga Mujallar Likitoci

Wata goma sha ɗaya ke nan ban ce uffan ba a wannan shafin. Masu turo saƙo kuna tambaya ko ina raye, ina raye.

Da gajiya ciwon ya fara. In na hau keke daga unguwarmu Kabong zuwa makarantar da nake koyarwa, sai in sauka kamar wadda ta wuni a gona. Sai amai. Sai kwaɗayin gishiri, har lasarsa nake a hannu. Fatata ta yi baƙi ƙirin, har cikin bakina.

An yi mini maganin maleriya sau uku, na taifod sau biyu. Gwajin ƙanjamau ya nuna babu, amma a unguwa an riga an yanke hukunci. Maƙwabciyata ta hana yaranta cin abinci a gidana.

Ranar da na faɗi a gaban allo, jinina ya yi ƙasa har na'ura ta kasa karantawa.

Sati uku ina kwance a asibiti, ƙarin ruwa ba tsayawa. Matar gadon kusa da ni ta cika ina kallo, aka ja labule. Na ce wa mijina, "Baban Nanret, ka riƙe mini yaran nan."

Wata likita, Dakta Ladi, ta buɗe tafin hannuna ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Madam, tun yaushe kike son gishiri haka?"

Ta taɓa karanta irin wannan a wata mujallar likitoci. Tarin fuka ne, amma ba a huhu ba. Ya cinye wasu 'yan abubuwa biyu da ke saman ƙoda. Sai da mijina ya sayar da dankalin gonarmu kaf aka aika jinina Abuja aka tabbatar.

Da na fara miƙewa, Dakta Ladi ta zo da takarda. Tana son ta rubuta ciwona ta aika mujalla, da hoton hannuna da cikin bakina, ba suna ba fuska.

Mijina ya ce, "Bayan duk abin da aka faɗa a kanta, sai kuma duniya ta gani?"

Dakta Ladi ta ce, "Oga, bara wani mutum ya mutu a hannuna da alamun nan. Ban gane ba sai bayan an binne shi."

Na karɓi biro na sa hannu.

Sau biyu masu tace rubutun suna dawo mata da shi. Sun nemi ƙarin gwaji, sun ce ta bayyana dalilin da aka yi wata shida ba a gano ba. Na koma aka sake ɗibar jinina. Bayan wata bakwai ya fito. Ta nuna mini a wayarta: mace mai shekara arba'in da ɗaya, ga hannuna. Kuka na yi.

Ban warke duka ba. Akwai ƙwayar da zan sha har ƙarshen raina.

Na gode wa Allah, da mijina, da Dakta Ladi, da matan zumunta na cocinmu da ba su guje ni ba.

In an ba ka maganin maleriya sau biyu ba sauƙi, ka nemi a ƙara bincike. Ka faɗa wa likita komai, har abin da kake ganin shirme ne. In kuma ya roƙe ka ya rubuta ciwonka, ka sa a karanta maka takardar, ka yi tambaya, sannan ka yi tunanin wanda za a kwantar a gadon nan bayan ka tashi.