Ƙafar Hima Tana Kumasi

A Tondikire, in tafin ƙafarka ta dama ya yi ƙaiƙayi, ba sai malami ya buga maka ƙasa ba, hanya ce ke kiranka. In kuwa ta hagu ce, wani naka da ke nesa ya ambaci sunanka. Haka kowane Bazabarme na garin ya taso ya ji a bakin kakarsa, ba kuma mai gardama, don gari ne na matafiya. Da an ɗaure damin gero na ƙarshe maza sai su watse, wasu Abijan, wasu Lome, mafi yawa Kumasi, a bar mata da tsofaffi da awaki.

Hima ɗan Niyandu gemu bai fito masa ba lokacin da tasa ta fara. Uwarsa ta same shi a bakin rumbu yana susar tafin ƙafa da kara. Sai ta shiga ta fara daka masa garin guzuri. Ya tafi tare da Jibo, amininsa, wanda aka yi musu kaciya rana ɗaya.

A Kumasi dako suka yi. Suka fara da kai, buhun albasa da na masara, har suka haɗa ƙarfi suka sayi kurar turi. Jibo na ja a gaba, Hima na turi a baya, ɗaki ɗaya, akushi ɗaya. Kowace damina su komo gida su yi noma, da kaka su juya. A haka Hima ya gina ɗaki, ya auri Zalika.

Wata rana suna hawan tudu da kura maƙil da doya, an ɗauke ruwa ke nan ƙasa na santsi, igiyar da Jibo ke ja ta tsinke. Kurar ta komo baya da dukan nauyinta ta hau ƙafar Hima ta dama. Mai ɗori ya yi iya yinsa a Zango, unguwar baƙi, ƙafa ta ƙi, ta fara wari. Da aka kai shi asibiti likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Jibo ne ya tsaya ya roƙa aka ba shi abin da aka yanke, ya naɗe a farin ƙyalle, ya kai gefen maƙabartar Zango ya binne. Shi ne kuma ya ɗora Hima a motar goro mai zuwa gida, ya ce, "Je ka, da damina ina tafe." Damina ta zo ta wuce, bai zo ba.

Zalika ta yi haƙurin da za ta iya. Bayan damina biyu gona ta zama saura, rumbu ba kowa, sai ta durƙusa gabansa za ta roƙi saki. Hima ya hutar da ita, ya ce, "Tashi, Zalika, na gane. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta koma gidansu, daga baya ta auri wani mai awon hatsi a Tera. Ba su haihu ba. Uwarsa ma ba ta jima ba ta rasu, ya saura shi kaɗai a gidan.

Wani Buzu maƙeri ya sassaƙa masa ƙafar itace da maɗaurin fata. Da ita yake ɗingisawa kullum safe zuwa gindin aduwar da ke bakin hanya, inda motoci ke tsayawa, ya baje kaba ya hau tufkar igiya da saƙar faifai. Duk wanda zai bar gari sai ya wuce ta gabansa, da yawa ma igiyarsa suke ɗaure kaya da ita.

A nan ne abin ya fara. Ran da ayarin farko na wannan kakar ya tashi, yana kallon motar tana nisa, sai ya ji ƙaiƙayi a tsakiyar tafin ƙafarsa ta dama, daidai inda ƙaya ta taɓa soke shi yana yaro. Ya kai hannu da sauri, faratansa suka sauka kan itace. Ƙaiƙayin na ci, babu inda zai sosa.

Dommo ce ta gan shi. Taubashiyarsa ce, 'yar kawunsa, bazawara, tana sayar da kopto, kwaɗon zogale da ƙuli, a ɗaya gefen bishiyar. Ta saki ludayi ta ƙyalƙyale da dariya.

"Kai bawana, gara ce ta shiga ƙafar taka, ko ƙwarƙwata?"

"Rufe min baki, baiwar gidanmu. Ƙafata ce ke ƙaiƙayi."

"Wacce?"

"Ta dama."

Ta daina dariya. Ta dubi itacen, ta dube shi, sai ta ce, "To ai shi ke nan, tafiya za ta yi. Wata ƙila ta gaji da Kumasi za ta leƙa Abijan. Kai dai ka zauna ka yi mana igiya."

Kafin azahar labari ya gama gari, kowa da tasa fassarar. Tsohuwa Gambi, wadda ta yanke cibiyar rabin mutanen garin, ta ce dama dama ce, ko tana jikinka ko ba ta jikinka, hanya ce. Liman ya ce ya yawaita istigfari, gaɓar da ta riga mutum shiga ƙasa tana jiransa ne kawai, ba ta da wani saƙo. Wani zima, cikin masu kiran iskoki da goge, ya ce an binne ta ne tana fuskantar kudu, shi ya sa take neman hanyar gida ta rasa, sai an yanka baƙar kaza. Hima ya ce kazarsa ɗaya ce, ja ce kuma, tana ƙwai. Wata malamar asibiti da ta zo allurar yara ta ce abu ne sananne, ƙwaƙwalwa ce ba ta samu labarin an yanke ƙafar ba.

"Dama taka ba ta samun labari da wuri," in ji Dommo. "Ran sunanka ma sai da aka watse ka ji."

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ƙaiƙayin yakan lafa da damina, sa'ad da gari ya cika da maza ana fira a dandali. Da kaka sai ya dawo. Hima ya koyi dabara, in ya matsa masa yakan sosa tafin hagun a daidai wurin, wani sa'in ya yi sauƙi, wani sa'in ko gezau. Da rani shi ne kusan namiji ɗaya mai sauran ƙarfi a gari. Shi ake kira ya yanka kaza, shi ke gyaran guga, in an yi mutuwa ya kwance ƙafar ya ajiye gefe, ya shiga rami a durƙushe ya yi haƙa. Da magariba ya koma gida ya dama furarsa, ya sha, ya wanke ƙwaryar da kansa.

Duk wanda ya sauko daga motar Kumasi tambaya ɗaya yake masa bayan gaisuwa: "Ka ga Jibo?" Da farko akan ce yana gaishe ka, ga ma turmin yadi ya aiko. Daga baya aka ce ya auri wata 'yar can, ya haifi 'ya'ya. Daga baya sai yaran da ke saukowa su ce, "Wane Jibo, Baba?"

Sai ɗan Dommo da ke aiki a Yamai ya zo ya ce uwarsa ta tsufa da zaman bakin hanya, zai tafi da ita. Ranar tafiya ta tsaya kan Hima da ƙullin kayanta.

"To gurgu, wa zai riƙa zaginka yanzu?"

"Allah raka taki gona. Kunnena ya huta."

"Ka dai ci abinci, ka ji? Kada in dawo in tarar itacen ya fi ka ƙiba."

Ya sunkuyar da kai kan tufkarsa, bai ɗago ba har motar ta ɓace. Wannan ranin ƙaiƙayin ya hana shi sakat, safe da yamma. Yakan yini bai yi maganar da ta wuce ciniki ba. Wata safiya ya kama kansa yana ba akuyar maƙwabta labarin Kumasi, sai ya tashi ya naɗe kabarsa, ya sayar da igiyoyin da ya tara, ya tare wani direban motar albasa da ya saba da shi.

"Sumana, akwai wuri a bayan motar nan?"

"Ina zuwa, Baba Hima?"

"Zan je in ga abin da ƙafar nan take so."

Kumasin da ya tarar ba ita ya bari ba. Tudun da kura ta danne shi an shimfiɗa masa kwalta, shaguna hagu da dama. Ya yi ta tambaya a Zango, daga masallaci zuwa rumfar masu albasa, har wani tsohon Bazabarme mai gadi ya kai shi wani lungu, ya nuna masa ƙofa. A ciki ga wani tsoho zaune kan benci, ƙafafunsa biyu sun kumbura kamar turame, an shafe su da magani. Ido ya dushe. Amma da ya ji ƙarar itace kan siminti sai ya ɗaga kai.

"Hima?"

"Ashe da ranka, ɗan banza. Damina ba ta yi ba ne har yanzu?"

Jibo ya buɗe baki zai yi dariya, kuka ya riga ta fitowa. Hima ya zauna kusa da shi kan bencin.

Matar Jibo ta rasu. Yana zaune ne wurin 'yarsa Memuna, wadda ke kula da shi tsakani da Allah, sai dai ba ta jin Zabarmanci, ita da 'ya'yanta sai Hausar Zango da yaren Asante. Ta tsaya bakin ƙofa tana mamakin yadda ubanta, wanda kan yini bai ce ƙala ba, yake zuba kamar kanya. Jibo ya tambayi labarin kowa na Tondikire, gida gida, Hima na amsawa: ya rasu, ta rasu, yana Yamai, ya rasu. Da ya ji abin da ya kawo Hima, sai ya riƙe ciki don dariya.

"Taka ɗaya tana ƙarƙashin ƙasa ta kawo ka har Kumasi. Nawa biyu ga su, ko masallaci ba sa kai ni."

"Naka ba su taɓa ƙaiƙayi ba ne duk shekarun nan?"

"Kowace damina. Sai in ce bari in ɗan tara abin da zan shiga gari da shi. Ka ga abin da na tara."

Memuna ta samo musu mota suka tafi maƙabartar. Ta cika ta batse, gefen da Jibo ya sani ya zama tsakiya. Ya ce kusa da wata bishiyar mangwaro ce, babu mangwaro ko ɗaya. Ya nuna nan, ya ce a'a can ne, ya sake cewa kamar dai bayan wancan ginin. Hima ya tsaya yana duban kaburbura iyakar ganinsa, na Zabarmawa da Mosawa da Hausawa, duk mutanen da hanya ta kira ba ta mayar ba.

"Bar shi, Jibo," ya ce. "Duk inda take tana cikin mutane. Ta fi ni."

Suka ɗaga hannu suka yi wa mamatan fatiha, suka komo.

Ya yi kusan wata guda a gidan. Suna cin abinci akushi ɗaya kamar da, Jibo na ƙorafin tuwon rogo, Hima na cewa wanda ya zauna ƙasar rogo ba shi da bakin magana. Da motar Sumana ta tashi komawa, Hima ya ce, "Taso mu tafi. Ɗakin uwata na nan ba kowa."

Jibo ya girgiza kai. "Wa ya saura da ya san ni can in ban da kai? Ga jikoki kuma. Ka gaida aduwar bakin hanya."

Hima ya komo Tondikire ya ci gaba da tufka. Ƙaiƙayin bai bar shi ba, sai dai ya daina tambayar kowa ma'anarsa. In matasa suka zo suna zolayarsa, "Baba, ƙafata ta dama na ƙaiƙayi," yakan ce, "To ka tafi mana. Amma ka ajiye ranar dawowa tun kafin ka hau mota."

Da kaka ta zagayo Sumana ya tsayar da motarsa gindin aduwa, ya sauko, ya cire hula ya tsuguna. Ya ce Jibo ya rasu, an binne shi a can. Hima ya yi salati, ya ajiye igiyar da ke hannunsa.

Jibo ba shi da sauran kowa a garin, gidansu ma ya rushe an shuka kuɓewa a wurin. Sai Hima ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa ya zauna zaman makoki. Liman ya zo ya yi addu'a. Mata suka riƙa zuwa da 'yan ƙore na fura, suna durƙusawa suna cewa, "Sannu da haƙuri, Baba, Allah ya jiƙansa," da yawansu kuwa sai sun fita suke tambayar juna wane ne ya rasu. Ya karɓi gaisuwar kowa yadda ɗan'uwa ke karɓa. Ran sadakar uku ya yanka kaza, aka dafa aka raba wa yara. Da yamma, bayan kowa ya watse, ya kaɗe tabarmar ya naɗe, ya jingine ta bayan ƙofa, ya jiƙa kabar da zai yi aiki da ita gobe.