Turaren da Ya Jiƙe

Shekara talatin da ɗaya Ang Bun Tek ya yi yana bin jirgin ruwa mai tafiya da iska tsakanin tashar Amoy da tsibirin Luzon, amma bai taɓa jan igiya ba. Aikinsa guda ne: tsinken turare a gaban gunkin Uwar Teku, kada ya mutu. Wannan ya cinye, ya kunna wani, ya jefa ƙwayar wake ɗaya a kwano. Da waken nan Koh Seng, jagoran jirgin, yake lissafin nisan da aka ci. Matuƙa suna tsokanarsa da Kawu Hayaƙi, don ko tari ya yi sai an ji ƙamshi. Shi dai sai ya yi murmushi.

Ranar shida da tashi, igiyar ruwa ta banko taga ta sauka kan akwatin turaren. Laifinsa ne, shi ya manta bai ɗaure murfin ba. Kuma kowa ya san hukuncin: wanda ya bar turaren Uwa ya jiƙe ya zama mai ƙashin tsiya, ba jirgin da zai sake ɗaukarsa. Sai ya shanya tsinkayen a bayan murhu, ya ja bakinsa ya yi gum.

Washegari hazo ya rufe teku, ba rana ba alamarta. Da azahar Tio mai girki ya leƙo da kwanon shinkafa da busasshen kifi.

"Kawu Hayaƙi, yau turarenka azumi yake ne? Kullum tare muke gamawa, ga shi na sauke tukunya, shi ko rabi bai kai ba."

Bun Tek ya duba tsinken. Ashe waje kawai ya bushe, cikin da sauran laima! Turaren na ci a hankali, waken ya yi kaɗan, jirgin kuwa ya yi gaba fiye da yadda jagora yake zato. Kuma a gaban nan ne duwatsun ƙarƙashin ruwa suke, inda ake karkata kudu kafin a iso. Mutum arba'in ne a jirgin.

Ya ji tsoro, tsoro na gaske. Ba shi da gona, ba shi da wata sana'a, shekarunsa sittin ba biyu. Ya zauna yana kallon kwanon har shinkafar ta huce. Sannan ya miƙe, ya haura wurin Koh Seng.

"Yaya Koh, kada ka yarda da wakena. Tun jiya turaren a jiƙe yake."

"Tun jiya? Haba Bun Tek! Sai yanzu bakinka ya buɗe?"

"Ka zage ni daga baya. Jefa dalma tukuna."

Aka jefa igiya mai dalma don auna zurfi, an shafe gindinta da kitse. Ko gaba goma ba ta yi ba ta taɓa ƙasa, ta fito da farin yashi da ɓurɓushin dutse. Koh Seng ya kwarara ihu, maza suka rufu kan igiyoyi, tabarmin da ke kama iska suka juya suna ƙara. Jirgin ya goga gefensa da dutse, katako biyu suka tsage, aka kwana uku ana kwarfar ruwa. Ba wanda ya mutu.

Ba kuma wanda ya ƙara cin abinci kusa da shi har Luzon. Da suka koma Amoy, aka miƙo masa ƙunshin kayansa, ya sauka.

Ya yi sauran rayuwarsa a bakin tashar, yana sayar da turare a kan faifai. Duk damin da zai ba mutum sai ya zari tsinke ɗaya, ya karya shi kusa da kunne, ya ji ƙas tukuna. Kowace shekara kafin tashi Koh Seng yakan zo, kuma a wurinsa kaɗai yake saya.

Shekarar ƙarshe Bun Tek ya riƙe damin bai saki ba.

"Yaya Koh, ka tafi da ni, ko sau ɗaya. Ko a gindin murhu ne."

Koh Seng ya kawar da kai. "Ni da kaina zan so. Mazan ne ba za su hau ba."

Tsohon ya saki damin. "To, ka ce wa mai kunnawa ya riƙa ɗaure murfin."